Ɗana, Ka Fara Daga Littafin Bashi

Mahaifiyarka ta gaya mini cewa kwanan nan ba ka da zance sai na kwamfuta, kuma kai da abokanka kun ƙudura niyyar kafa kamfanin fasaha a nan Yakite, irin ƙananan kamfanonin nan da ake jin labarinsu a Legas da Nairobi, waɗanda ke farawa a ɗaki guda har duniya ta san da zamansu. Da ɗan fargaba a muryarta ta faɗa mini, domin ita sana'ar da ta sani ita ce wadda ake shimfiɗa kayanta a kan tebur a taɓa da hannu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, abin da kake so halal ne kuma alheri ne, sai dai akwai ƴan maganganu da ya kamata wani babba ya gaya maka tun kafin ka sa ƙafa, saboda haka ka yi haƙuri da tsawon zancen tsoho, ka ɗauki abin da ya amfane ka.

Ka fara sanin ƙasar da kake tsaye a kanta, domin wanda ya karanta labarin Amurka ya zo ya auna Bangui da shi zai wahalar da kansa a banza. Wutarmu daga Boali take zuwa, kusan kilomita 100 daga nan, daga injinan ruwa da aka kafa tun kafin a haifi mahaifinka, kuma kai shaida ne cewa kamfanin wuta na Enerca rabawa yake yi unguwa-unguwa, a ba ku yanzu a ɗauke anjima. A 2023 an buɗe tashar hasken rana ta Danzi mai megawat 25, an ɗan sami sauƙi, amma bai kai yadda mutum zai ɗora sana'arsa kacokan a kai ba. A wannan shekarar ce kuma aka ƙaddamar da kebul ɗin intanet na ƙarƙashin ƙasa, sama da kilomita 900, wanda ya haɗa mu da Kamaru da Kwango da kuɗin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai, bayan shekara da shekaru muna dogaro da tauraron ɗan adam mai tsada da nawa. Duk da haka, har yau masu shiga intanet a ƙasar nan ƴan tsiraru ne, kuma da yawansu sai sun ƙirga kuɗin data kafin su buɗe hoto. Ban kawo maka wannan lissafi don in karya maka gwiwa ba. Na kawo shi ne domin duk abin da za ka gina, dole ya iya aiki ranar da babu wuta, a wayar da ba ta da tsada, a hannun mutumin da datarsa ta ƙare jiya. Kafin ka sayi kujera mai juyawa, ka sayi farantin sola da batir mai kyau.

Sai maganar koyo, wadda ita ce matasa suka fi gaggawa a kanta. Na lura yaro zai fara wannan yaren kwamfuta yau, bayan mako biyu ya ji an ce wani ya fi shi kasuwa, ya bari ya koma can, shekara ta zagayo yana da ɗanɗanon abu goma amma ba ya iya dafa ko ɗaya. Ka zaɓi guda, Python ne ko JavaScript, ka zauna a kansa har sai ka gina abin da wani mutum dabam, wanda ba abokinka ba, zai yi amfani da shi ya dawo ya yi maka ƙorafi, domin ƙorafin mai amfani shi ne malamin da ba ya yi wa ɗalibi kara. Darussa kyauta suna nan birjik, irin na freeCodeCamp, ka sauke su da dare lokacin da layi ya yi sauƙi, ka karanta da rana. Faransancinka alheri ne, amma ka ƙara da Ingilishi, domin yawancin bayanan wannan sana'a da shi ake fara rubuta su. Game da waɗannan na'urori masu amsa tambaya, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, ban ce ka guje su ba, ka yi aiki da su, amma kada ka taɓa miƙa wa mai saye layin manhajar da kai kanka ba ka gane ba, domin ranar da abin ya tsaya cik a tsakiyar ciniki, mai sayen ba na'ura zai kira ba, kai zai kira, kuma a gaban mutane zai kira ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada ka raina zama ƙarƙashin wani. Mu a kasuwar nan ba mu san yaro ya buɗe shago ranar da ya zo ba; sai ya yi shekaru yana share gaban shagon maigida, yana ɗaukar kaya, yana jin yadda ake magana da mai bin bashi da wanda ake bi, kafin a yaye shi a ba shi jari. Wannan tsari bai tsufa ba don an shigo da kwamfuta. In ka sami aiki a Orange ko Telecel ko Moov, ko a wani banki, ko a ofishin wata ƙungiya kana kula musu da na'urori, ka riƙe shi hannu bibbiyu na ƴan shekaru, ka ga yadda ake biyan albashi a ƙarshen wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ko rumfar gyaran waya ce a bakin titin Koudoukou, kada ka ji kunya. Ka tsaya ka kalli mai gyaran nan da ya sunkuya da ƙarfen dalma a hannu, wayoyi jere a gabansa kowacce an manna mata ƴar takarda da sunan mai ita, wannan ta faɗa ruwa, wannan madubinta ya tsage gida huɗu amma mai ita ya ce a bar shi haka a gyara wurin caji kawai. A wata guda a wannan rumfa za ka san irin wayar da ke aljihun mutanen Bangui fiye da yadda kowane rahoto zai gaya maka. Kamfanin Moniepoint da ka ji ana yabo a Najeriya, wanda darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya a 2024, a 2015 ya fara da sunan TeamApt, kuma shekarunsa na farko duk ya yi su ne yana rubuta wa bankuna manhaja ana biyansa, sai da masu shi suka san cikin harkar kuɗi ciki da bai kafin suka fito da nasu.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba ni kunnenka. Ka ce kuna neman dabarar da za ku gina kamfani a kanta, har kuna kwana kuna duba abin da ake yi a ƙasashen waje. Ɗana, daga ƙofar gidanku zuwa kasuwar Kilomita Biyar, Sankilo ɗinmu, tafiyar ƙafa ce, kuma ita ce cikin Bangui. In ta rufe kwana uku, har masu zama a manyan unguwanni sai sun ji a tukunyarsu. Ka je ka nemi izinin wani babban ɗan kasuwa ka zauna a shagonsa mako biyu, ba don ka sayar masa da komai ba, ka zauna kawai ka yi shiru ka kalla. Za ka ga da yamma, in ciniki ya lafa, ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin kanta, littafin ƴan makaranta ne mai layi-layi, bangonsa ya sha maiƙo har ya yi baƙi, an ɗaure shi da roba. A ciki akwai dukiyar da ta fi kayan da ke kan kanta yawa. Wani shafin da ajami aka rubuta, wani da boko, sunayen kuwa ba na takardar haihuwa ba ne, laƙabi ne da shi kaɗai ya san masu su: mai ƙosan bakin masallaci, matar soja, yaron Bouar. Wannan ya ɗauki buhun sukari biyu zai biya in ya sayar, waccan ta rage saura kaɗan an ja layi rabi, wani kuma an zagaye sunansa domin ya rasu kuma Alhaji ya yafe. Mutanenmu da suka gudu Cadi da Kamaru a farkon 2014, da yawansu ba kayan shago kaɗai suka rasa ba, littattafan nan ne suka ƙone ko suka ɓace, kuma da su aka binne bashin da ba a sake biya ba har yau. Ga matsala ta gaske, mai ciwo, wadda mai ita ya san zafinta kuma zai iya cire kuɗi ya biya a magance masa. Saboda haka in kana neman inda za ka fara, ka fara daga nan, ko daga abin da ya yi kama da nan: mai adashin da ke riƙe lissafin mata talatin a ka, mai kayan da ke jiran mota daga Duwala bai san ko ta wuce Garwa-Bulai ba, mai kantin magani da ba ya sanin abin da ya kusa lalacewa sai ya lalace.

In ka zauna ɗin, za ka gane abubuwan da ba a koyarwa a intanet. Za ka ji Alhaji ya ce ɗari, alhali sefa ɗari biyar yake nufi, domin mu da dala muke ƙirga, kowace dala sefa biyar, dala ashirin ita ce sefa ɗari, jaka kuma sefa dubu. Maƙwabcinsa Balaraben Cadi da riyal yake nasa lissafin a kan wannan ƙa'ida, mai sayen da ke magana da Sango ita ma haka. Manhajar da ba ta san wannan ba za ta rubuta wa mutum kashi ɗaya cikin biyar na bashinsa, kuma kuskure ɗaya irin wannan ya isa a daina amfani da ita a layin gaba ɗaya, domin labari a kasuwa ya fi intanet sauri. Za ka gane cewa da yawa daga cikin manyan masu kuɗin ba sa son dannawa, sun fi son magana, shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu a wurinsu. Za ka gane cewa ba Alhaji ne zai riƙe wayar ba, yaronsa ne, amma Alhaji yana so da dare ya ga abin da yaron ya shigar ba tare da yaron ya iya gogewa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne jarinka na gaskiya, domin injiniyan da ke Faris ko Legas ya fi ka na'ura, ya fi ka wuta, amma bai san su ba, kuma ba zai zo ya zauna a kan benci a Sankilo ya koya ba.

Waɗanda suka yi nasara a kusa da mu, in ka bincika, ta wannan hanya suka bi. A Nijar, Abdou Maman Kané ya dubi manomin rani da ke ɓata yininsa wajen ban ruwa, ya haɗa masa famfo mai aiki da hasken rana wanda ake kunnawa a kashe da kiran waya, ko da ƙaramar waya ce mai maɓalli. Wannan aiki ya ci kyautar Orange a 2011, ya kuma ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A Senigal, kamfanin Wave bai ƙirƙiro aika kuɗi ta waya ba, an riga an daɗe ana yi, tun M-Pesa ta Kenya a 2007. Abin da ya yi shi ne ya saurari kukan mutane game da tsadar caji, ya mayar da kuɗin aikawa kashi ɗaya cikin ɗari, ajiya da cirewa kyauta, ya ba wanda ba shi da babbar waya kati mai tambari da wakili zai haska. A 2021 masu zuba jari suka ba shi dalar Amurka miliyan 200.

Mu kuma a nan gida mun ga ɗaya hanyar da idonmu, kuma ina faɗa ne da girmamawa ga hukuma, domin darasi nake so ka ɗauka, ba zagi ba. A watan Afrilun 2022 ƙasarmu ta zama ta biyu a duniya, bayan El Salvador, da ta mayar da Bitcoin kuɗin hukuma. A watan Yuli aka fito da Sango Coin, aka ce mafi ƙarancin abin da mutum zai saya da farko dalar Amurka 500 ne, aka kuma yi wa baƙi tayin zama ƴan ƙasa in sun ajiye na dalar Amurka 60,000. Ka tsaya ka yi tunani, mutum nawa ne a layinku ke da dalar Amurka 500 da zai ajiye a abin da ba ya gani, a wayar da ba ta da data? A watan Agusta Kotun Tsarin Mulki ta ce sayar da zama ɗan ƙasa da filaye ta wannan hanya ya saɓa wa tsarin mulki, abin da aka sayar bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na abin da aka fitar ba, a watan Maris na 2023 kuma majalisa ta gyara dokar, Bitcoin ya sauka daga matsayin da aka ɗora shi. A Fabrairun 2025 aka sake fito da wani kuɗin kirifto da sunan ƙasar, mafi yawan darajarsa ta zube cikin ƴan kwanaki, kuma na tabbata ka san matasan da suka sa ɗan abin da suke da shi a irin waɗannan abubuwa suka tashi hannu rabbana. Shugaban ƙasa malamin lissafi ne, ya shugabanci Jami'ar Bangui, ba ilimi ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ya faru shi ne an gina abu ana kallon mutanen waje, ba a tambayi mai sayar da manja a Sankilo me ke damunta ba. In wannan ya sami gwamnati mai majalisa da kotu, to yaro mai kwamfuta ɗaya ya fi kusa da faɗawa, saboda haka duk ranar da wani ya zo maka da hanyar da kuɗi ke haihuwa ba tare da an yi wa kowa aiki ba, ka yi masa sallama cikin mutunci ka koma bakin aikinka.

Akwai wata amana kuma da ta fi ta kuɗi nauyi, wadda ban cika jin matasa suna zancenta ba. Ranar da ƴan kasuwa hamsin suka yarda suka zuba littattafansu a manhajarka, kai ne mutum ɗaya a unguwar nan da ya san wa ke da kuɗi, nawa ne, wa ke binsa, yaushe kayansa ke isowa. A wani gari wannan bayani ne kawai, amma a nan ka san abin da yake nufi. Kana da wayo a watan Disambar 2019, lokacin da ƴan kasuwar Sankilo suka gaji da harajin da masu ɗauke da makamai ke karɓa da sunan tsaron unguwa, suka ce ba za su ƙara biya ba, aka yi kwanaki ana faɗa, mutane da dama suka rasa rayukansu, shaguna suka ƙone. Ka yi tunanin a ce a wancan lokacin akwai wata kwamfuta a wani ɗaki a Yakite mai ɗauke da sunan kowane ɗan kasuwa da cinikinsa na wata. Alhamdu lillahi ƙura ta lafa, muna roƙon Allah kada ya maimaita mana, amma mai gini ba don ranar daɗi kaɗai yake gini ba. Kada ka karɓi bayanin da ba ka buƙata. Abin da ka karɓa ka kulle shi ta yadda ko an ɗauke kwamfutar ba za a iya karantawa ba, ka ajiye kwafinsa a wani wuri nesa da unguwa, kuma ko kai kanka kada ka leƙa lissafin mutum sai da izininsa. In kana hira a majalisa da dare, bakinka kada ya suɓuce ka ce ai wane cinikinsa ya ja baya. Kakanninmu fatake sun yi ta aika dukiya tsakanin Kano da Gwanja ba tare da banki ba, har gobe ɗan kasuwa yana ba da kuɗi a nan ɗan'uwansa ya karɓa a Njamena ko Duwala da kiran waya ɗaya, kuma abin da ya riƙe wannan tsari tsawon zamani shi ne kowa ya san wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa, shi da ƴaƴansa. A cikin wannan tsari kake son shiga, kuma da ma'auninsa za a auna ka.

Game da abokan tafiyarka, na san kuna ƙaunar juna, tare kuka taso, shi ya sa ma nake roƙonka ku rubuta komai tun yanzu da babu ko dala a tsakaninku: wa ke da kashi nawa, wa zai yi me, in ɗaya ya sami aiki ya tafi bayan wata shida me zai bari me zai ɗauka, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi. Kada ku ce kunya, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai ake maganar. Na ga zumuncin shekara talatin ya watse a kasuwar nan a kan abin da takarda ɗaya za ta iya kashewa. Ku je ofishin GUFE ku yi wa kamfanin rajista, ku karɓi lambar haraji, ku buɗe masa asusu dabam da aljihunku, domin babu banki ko ƙungiya ko babban kamfani da zai ba ku kwangila ba tare da takarda ba. Kai kuma ka yanka wa kanka albashi, komai ƙanƙantarsa, ka tsaya a kansa. Cin uwar kuɗi da sunan riba shi ne ya kashe shagunan da na sani fiye da gobara.

Masu zuba jari kuwa, kada ka ɗauka kyauta suke rabawa. Wanda ya ba ka miliyan ya sayi wani yanki na kamfaninka ne, yana kuma jiran ya ninka masa, kuma daga ranar za ka fara jin matsin nuna masa lambobi masu daɗi. A Ghana an yi wani kamfani mai suna Dash, ya tara sama da dalar Amurka miliyan 80 daga masu zuba jari, a 2023 ya rufe, bayan bincike ya nuna an kumbura adadin masu amfani da shi. Ƙaryar lamba da kaɗan take farawa, mutum ya ce masu amfani dubu ne alhali ɗari uku ne, yana cewa a ransa ai wata mai zuwa za su cika. A Bangui kuma akwai wani tarko na daban, mai laushi, domin gari ne da ƙungiyoyin agaji suka yi yawa, kullum ana taron bita, ana gasar matasa masu dabara, ana ba da kuɗin zama da takardar shaida. Ban hana ka zuwa ba, akwai alheri a ciki, za ka haɗu da mutane, wataƙila ka sami kwamfuta ko tallafi. Amma na ga yara masu basira sun koma ba su da sana'a sai cin gasa, sun iya tsayawa gaban baƙi su yi bayani mai daɗi da Faransanci, shekara uku kamfanin yana nan a kan allo, ba shi da mai saye ko ɗaya. In mutum goma a Sankilo suna ciro jaka biyu-biyu daga aljihunsu kowane wata suna ba ka ba tare da ka bi su ba, ka fi wanda ya ci gasa biyar tsayuwa da ƙafafunsa, kuma ranar da mai zuba jari na kirki ya zo, waɗannan goman su ne hujjar da zai fi yarda da ita.

In Allah ya buɗa har kuka fara ɗaukar ma'aikata, ina da roƙo. Akwai lokacin da tsallake gadar Yakite sai da shahada, mu ba ma fita, mutanen sauran unguwanni ba sa shigowa, har sai da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu a ranar 30 ga Nuwamban 2015 mutane suka ga ashe hanyar tana iya buɗuwa. Kai ka taso a cikin wannan ƙunci, ba laifinka ba ne in zuciyarka ta fi sakewa da ƴan unguwa. Amma kamfanin da ma'aikatansa duk daga layi ɗaya suke, a layi ɗaya zai tsaya. Ka ɗauki yaron unguwar Fatima ko na Miskine ko na Boy-Rabe in ya iya aiki, ka biya shi daidai da ɗan'uwanka, ka ba shi lokacin ibadarsa kamar yadda kake ɗaukar naka, domin shi zai kai ka shagunan da ba za su buɗe maka ƙofa kai kaɗai ba. Kuma kada ka manta da ƙannenka mata. Rabin cinikin abinci a garin nan a hannun mata yake, adashi nasu ne, kuma akwai lissafin da mace ba za ta buɗe wa saurayi baƙo ba amma za ta buɗe wa ƴar'uwarta. Albashin ma'aikaci kuwa, ko kai za ka kwana da yunwa, kada ya wuce ranarsa.

Kada ka yi saurin faɗaɗawa. Kasuwarmu ƙarama ce, kuma rayuwarta a rataye take da hanya ɗaya mai tsawon sama da kilomita 1,400 daga tashar jirgin ruwan Duwala; ka tuna ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, da ƴan tawaye suka tare ta, motoci sama da dubu suka yi cirko-cirko a iyakar Kamaru, farashin komai ya tashi, masu shago suka daina biyan duk abin da ba dole ba. Irin wannan lokaci zai iya dawowa ta wata fuskar, saboda haka ka riƙa ajiye abin da zai riƙe kamfanin wata shida ko ba a shigo da ko dala ba. In abin ya kafu a nan, to ka ɗaga kai ka duba: sefar da muke kashewa ita ake kashewa a Kamaru da Cadi da Kwango da Gabon, dokar kasuwanci ta OHADA ɗaya ce, kuma a Garwa da Ngaundere da Njamena akwai ƴan'uwanmu masu irin wannan littafi a ƙarƙashin kanta, wasunsu ma daga nan suka tafi a 2014.

Na san kuma wata rana za ka zo mini da maganar tafiya waje, domin duk yaron da ya iya wannan aiki sai an yi masa tayi. Ba zan ce kada ka je ba. Teddy Kossoko a garin nan aka haife shi, ya tafi karatu Tuluz ta Faransa, a can ya kafa Masseka Game Studio, kuma wasan da ya fara fitar da sunansa shi ne Kissoro, wato darar nan ta ramuka da ƴaƴa da ake bugawa a ƙarƙashin bishiya a ƙasar nan. In tafiyar ta zo, ka nemi yardar iyayenka, ka tafi ta hanyar da ta dace da takardunka a hannu, ba ta hamada ba. Amma kafin ka ɗaga jaka, ka zauna da duk wanda ya zuba lissafinsa a manhajarka, ka buga masa nasa a takarda ka damƙa masa, ka nuna masa wanda zai kira in abu ya lalace, kuma ka tabbata ka koya wa yaro ɗaya ko biyu a unguwar nan aikin har sun iya riƙe shi ba tare da kai ba. Jibi in Allah ya kai mu, bayan la'asar, ka zo ka same ni, akwai wani mai shagon kayan masarufi da muka daɗe tare, zan kai ka in gabatar da kai, in roƙe shi ya ba ka wurin zama a bencinsa. Ka zo da littafi da biro, kwamfutar ka bar ta a gida tukuna.